Sayen tsaraba a kasuwar dare: abin da matafiyi zai lura da shi a ƙauyukan Kano da Jigawa

Wanda ya je biki, ko ta'aziyya, ko cin kasuwa a ƙauyukan Kano da Jigawa, sau da yawa ba ya tuna tsaraba sai an idar da sallar magariba, ga shi kuma da asuba zai kama hanya. A lokacin babbar kasuwa ta watse. In Alhamis ce a Maigatari, ko Juma'a a Wudil, ko Lahadi a Dambatta da Gujungu, ko Talata a Sara, manyan 'yan kasuwa sun ɗaure kaya sun hau mota tun la'asar sakaliya. Abin da ya rage shi ne kasuwar dare, wadda wasu garuruwan ke kira 'yar yara: 'yan tebura a bakin tasha ko a dandali, mai shayi, mai tsire, 'yan mata masu talla, da tsirarun masu sana'ar hannu da kayansu suka yi kwantai da rana. Tana fara haɗuwa bayan magariba, ta cika bayan isha'i, wajen ƙarfe goma kuma ta fara tsinkewa. A watan azumi da jajiberin Sallah takan kai tsakar dare.

Ana samun tsaraba mai kyau a nan, wani lokacin ma da sauƙi fiye da rana, domin wanda ya wuni da kaya ba ya son komawa da su gida. Matsalar ita ce ido ba ya aiki. Aci-balbal da fitilar ƙwai suna mayar da komai ja-ja, su ɓoye funfuna da ƙura. Fitilar caji da ta sola masu farin haske kuma suna sa tsohon kaya sheƙi, su rikita launi, shuɗi mai duhu ya koma baƙi. Don haka sayayyar dare da hanci ake yin ta, da hannu, da kunne, da harshe.

Kafin ka bar masauki

Zauna ka rubuta sunayen waɗanda za ka kai wa. Wanda ya shiga kasuwa ba lissafi yakan ƙarar da kuɗinsa a teburin farko, ya koma da kilishin mutum biyu alhali mutum goma sha biyar ke jiransa. Tsohon da haƙoransa suka yi rauni ba a kai masa ƙuli-ƙuli ko busasshen dabino. Zuma, goro ko turare sun fi masa. Uwargida ta fi murna da abin da zai shiga tukunya, daddawa da kuka da kifi, a kan abin da za a rataye a bango. Mai mace fiye da ɗaya kuwa ya sayi komai iri ɗaya, yawa ɗaya, ya sa mai kaya ya ƙulla kowane kaso daban tun a kasuwa. Rabon da aka yi a tsakar gida ana kallo, ko da ma'auni aka yi shi, sai an ce wani ɓangaren ya fi.

Nemi canji tun da rana: 'yan ɗari, ɗari biyu da ɗari biyar. Masu POS suna nan a yawancin garuruwan bakin titi, amma da dare kuɗin hannunsu yakan ƙare, cajinsu ya hau, sabis kuma ya ɗauke daidai lokacin da ake bukatarsa. Wasu masu kaya suna karɓar tiransifa, sai dai ba za su sake ka ba sai saƙon banki ya shigo wayarsu, kuma suna da gaskiya. Raba kuɗin gida biyu, ƙanana a aljihun gaba, manya a na ciki. Fito da damin kuɗi a gaban tebur yana ɗaga farashi kafin ka buɗe baki, ban da idon da ke kallonka daga duhu ba ka sani ba.

Ɗauki tocila, ko ka tabbata wayarka na da caji. Haɗa da farin hankici, 'yar robar ruwa, jakar bakko, ledoji da takarda mai tsabta. Hankicin da ruwan na gwada rini ne, za mu zo kansu.

Sai abin da ya fi duk waɗannan: ɗan gari. Roƙi mai masaukinka ya haɗa ka da saurayi daga gidan. Shi ya san mahaucin da ya yanka yau, ya san gidan da ake nakiya mai kyau, kuma tsayuwarsa kusa da kai kaɗai ta isa ta hana a yi maka farashin baƙo. In an gama ka saya masa tsire ko ka ba shi na shayi. Mace baƙuwa kuma ba sai ta fita ba. A ƙauyuka da yawa matan aure ba sa zuwa kasuwar dare, kuma alkaki, nakiya, daddawa da man gyaɗa mafi kyau dama a cikin gidaje ake yin su. Ta gaya wa matan gidan abin da take so, za a aika yara su kira masu kayan har ɗaki, ta duba a tsanake.

Ciniki

Zagaya kasuwar sau ɗaya ba tare da ka sayi komai ba. Minti goma sun isa. Ji farashin abu ɗaya a wuri biyu ko uku, sannan ka dawo.

Ba a fara ciniki da "nawa ne". Sallama tukuna, sai gaisuwa: "Baba, barka da dare, ya kasuwa?" ko "Inna, sannu da ƙoƙari, nawa kike ba da ƙullin?" Kayan hannu su ake tayawa, wato tabarma, hula, takalmi, tukunya da makamantansu. A ce mai tabarma ya yanka dubu biyar. Ka taya dubu uku, ya ce albarka, ka ƙara ɗari biyar, ya sauko kaɗan, har ku haɗu ya ce ya sallama. Tayin da bai kai rabin abin da aka faɗa ba, a ƙauye raini ake ɗaukarsa, kuma yakan rufe ƙofar rangwame gaba ɗaya. In kana sayen abu uku ko huɗu wajen mutum ɗaya, kada ka tsaya jayayya a kan kowanne. A haɗa jimla, sannan ka nemi ragi a kan jimlar. Ka kiyaye abu biyu. In ka taya aka sallama, ka saya, domin janyewa bayan sallama abin kunya ne gare ka da wanda ya rako ka. Kuma in ka tarar wani yana cikin ciniki, ka jira ya gama ko ya bari. Hadisi ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa.

Abin da aka ƙulla ko aka kasa kashi-kashi farashinsa a yanke yake. A nan gyara ake nema, ba ragi ba. Yarinyar da ke ɗauke da tiren alawa ko kantu, uwarta ta ƙirga kayan ta ƙirga kuɗin kafin ta fito, kuma duk abin da ya yi giɓi ita za ta amsa tambaya a gida. Kada ka matsa mata, kada ka tafi da canjinta da sunan za ka dawo. In canjin da ya rage kaɗan ne, bar mata.

Wajen kayan awo, riɗi ko zoɓo ko aya, ɗauki kwanon ka shafa gindinsa. Wanda aka buga ya lotsa ciki yana cin awo. Kwanon kasuwa ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, amma ma'aunin da aka saba shi ne kwano 40 na hatsi ya cika babban buhu. Tun kafin a fara ku daidaita ko da hannu za a auna ko ba hannu. Sa hannunka har ƙasan buhun ka ɗebo, domin na sama kullum shi ne mai kyau.

Abin da ke shiga baki

Kilishi shi ne sarkin tsaraba, kuma shi aka fi cutar baƙo da shi. Ɗaga falle ɗaya ka haska tocila ta bayansa. Mai kyau siriri ne, za ka ga zaren nama a jere. In ba ka ga komai ba sai kauri, labu ne ya yi yawa, wato kuɗin nama za ka biya a ba ka tunkuza da yaji. Karya gefe: ya kamata ya karye ko ya yage da ɗan ƙarfi. Wanda ke lanƙwasawa kamar danƙo, da sanyi-sanyi a hannu, bai gama bushewa ba, kwana biyu a jaka zai yi funfuna. Shinshina, ka ɗanɗana. Tsohon kilishi man gyaɗarsa yana juyawa, ya bar maƙaƙi a maƙogwaro, kuma yaji ba ya ɓoye wannan. Jan launi ba shaidar kyau ba ne, kala ce ake sawa, farin kilishi ma yana nan da masoyansa. In mai kilishin ya ɗumama maka a wuta, kada ka bari a naɗe shi da zafinsa a leda. Gumin da zai yi a ciki shi ne farkon lalacewarsa. A bar shi ya huce, a naɗe a takarda, sannan a sa a leda. A guji jarida, domin tawadarta tana narkewa a mai.

Tsire da balangu na ci ne a wurin. Ko da mai tsire ya rantse zai kai gobe, kada ka yi tsarabarsa a tafiyar da za a kwana. Dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau ya fi su jure hanya nesa ba kusa ba.

Wanda ya bi ta yankin Haɗeja ba ya dawowa ba kifi. Bandar tarwaɗa ita aka fi saye. Ɗauki ɗaya ka buga a tafin hannu a ƙarƙashin tocila. In gari ya zubo, ƙwari sun riga ka cinye cikinsa, ƙashi da fata za ka kai gida. Matsa wajen ciki da kai, nan ne danshi ke ɓuya. In ya lotsa, bai bushe ba. Sannan ka kai shi hanci sosai. Ƙamshin hayaƙi ake nema. In ka ji wani wari mai kama da fiya-fiya ko kalanzir, ajiye ka wuce komai arhar sa, domin akwai masu fesa maganin ƙwari a kan kifi don ya daɗe, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Wanki da ruwan zafi ba ya ba da tabbacin ya fita.

Zuma tana bukatar haƙuri. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa, na ashana da na ɗiga ta a ruwa, ba su da tabbas, domin sukarin da aka dafa ya yi kauri yakan tsallake su. Abin da ya fi aminci shi ne sayen wadda ke tare da saƙarta ka tace da kanka, ko sayen ta hannun wanda ɗan gari ya san yana da amya. Buɗe murfin a hankali. In ta yi ƙarar fitar iska kamar lemon kwalba, ga kumfa a sama, ga tsami-tsami a hanci, ruwa ya yi mata yawa ta fara tsami, kuma a zafin mota tana iya tunkuɗe murfi. Kada a cika kwalba har baki, a bar kamar yatsa biyu. In gidan da za ka kai akwai jariri, ka faɗa musu da bakinka cewa likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara 1 ba zuma, ko da ɗan lasawa ne.

Ƙuli-ƙuli kunne ke sayensa. Karya shi kusa da kunne, ya ce ƙas. Wanda ya yi taushi ya sha iska, mai ɗaci kuma da ruɓaɓɓiyar gyaɗa aka yi shi, a bar shi. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai illa ga hanta, shi ya sa sayen kayan gyaɗa ya fi kwanciyar hankali da kaka da hunturu, lokacin sabuwar gyaɗa da busasshiyar iska, a kan tsakiyar damina.

Daddawa ka tambaya ta kalwa ce ko ta waken suya. Duka ana miya da su, amma ta kalwa ta fi ƙarfi ta fi tsada, bai kamata a ba ka ta wake a kuɗin ta kalwa ba. Busasshiya za ka saya. Kuka kuwa korenta ba ya ganuwa da dare, sai ka ɗan lasa ka tauna: ƙasa-ƙasa a haƙori yashi ne, kuma mai ƙamshin tsohuwar ciyawa ta kwana biyu.

In Dutse ka je, dabino za a tambaye ka. Kada ka tsaya ga wanda aka miƙo maka na ɗanɗano. Zaɓi uku da hannunka daga wurare daban-daban na tiren, ka tsaga kowanne ka haska. Baƙin gari a jikin ƙwallon alamar tsutsa ce. In biyu cikin uku sun nuna, duk tiren haka yake. Riɗi da zoɓo su ne arzikin arewacin Jigawa, ta wajen Maigatari da Gumel, kuma sun fi araha bayan girbi. Riɗi a duba yashi, zoɓo a damƙa a ji yana ƙaras-ƙaras.

Kayan zaƙi na yara ba su da wahala: kantun riɗi, alawar madara, gullisuwa, iloka, mazarƙwaila, goruba, magarya. Abin lura yanayi ne kawai. Da bazara alawar madara da iloka suna narkewa su manne, da damina mazarƙwaila tana jan ruwa ta yi yauƙi. Nakiya ce mai dogon rai, in an yi ta da kyau tana wata da watanni.

Inda duhu yake taimako

Akwai kayan da dare ya fi rana daɗin duba su, domin a duhu tocila tana tona abin da hasken rana ke rufewa.

Ƙwan zabi na farko. Da damina babu tsarabar da ta kai shi farin jini a ƙauyukan nan. Ɗora ƙwan a kan bakin tocila, ka zagaye shi da yatsu yadda haske ba zai fita ta gefe ba. Ɓawonsa ya fi na kaza kauri, don haka tocilar ta kasance mai ƙarfi. Sabo zai yi haske bai ɗaya, da 'yar iska kaɗan a ɓangaren da ya fi faɗi. Wanda ya yi duhu, ko aka ga jijiyoyi, an fara kwanci a kansa. Girgiza shi a kunne: in yana motsi kamar ruwa a gora, bara-gurbi ne. In sayen da yawa ne, nemi kwano da ruwa. Mai kyau zai nutse ya kwanta, lalatacce ya taso sama. Wanda aka tsoma a ruwa a goge shi, kuma a fara cinsa.

Ƙwarya ma haka. Kifa ta a kan tocila a wuri mai duhu. Duk tsaga, duk hudar ƙwaro, duk inda aka kankare ya yi siriri, haske zai fito ta nan. Ƙwanƙwasa ta da farce: wadda ta nuna a gona kafin a yanke tana amsawa da ƙarfi, ɗanya kuwa muryarta a dushe take kuma ba nauyi. Sabuwar ƙwarya da ludayi suna da ɗaci, sai an jiƙa an kankare cikinsu kafin a dama fura.

Tabarmar kaba da faifai a ɗaga su a haska ta baya. Saƙa mai kyau haske kaɗan ke ratsa ta. Bi bakin tabarmar da hannu daga farko har ƙarshe, domin daga baki take fara warwarewa. Shinshina tsakiyar naɗin, inda warin danshi ke zama. Faifai kuma ka ɗan lanƙwasa shi: mai ɗinki a matse zai dawo daidai, sakwarkwatacce zai buɗe baki tsakanin layi da layi. In akwai rini a jiki, jiƙa hankicinka ka goga. Faifan da ke zubar da kala zai ɓata fura ko tuwon da aka rufe da shi.

Kayan yumɓu da kunne ake zaɓensu. Riƙe tulu ko kaskon turare ta baki, ka ƙwanƙwasa cikinsa da zobe ko ɗan dutse. Wanda ya gasu kuma ba tsaga zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙarfe. Mai tsaga ƙararsa gajeriya ce a shaƙe, ko da idonka bai ga komai ba. Zuba ɗan ruwa ka juya, ka haska waje: siririn layin danshi shi ne tsagar. Asusun ƙasa tsaraba ce mai araha da yara ba sa mantawa.

Fata da hula sun fi wuya. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta da ba ya ɓuya, ta roba kuwa warin leda take, kuma bayanta kamar yadi yake. Ja tsakanin tafin takalmi da samansa, ka ga ɗinki ne ya riƙe ko gam kawai. Hula a juya cikinta. Aikin hannu za ka ga ƙulle-ƙullen zare da 'yar rashin daidaito, na inji kuwa sumul yake kamar an buga. Kowanne da kuɗinsa, abin gudu shi ne a sayar maka da na inji a farashin na hannu. Ana auna hula da lamba, irin su 21, 22 da 23. In ba ka san lambar mai ita ba, kira gida a zagaya kansa da zare a auna, domin hular da ba ta shiga ba sai dai a ba wani.

Gwajin hankici yana da togiya ɗaya. Baƙin rini mai sheƙi irin na Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, dama yana barin shuɗi a hannu da jiki. Wannan ba aibi ba ne, haka ake son sa. Sai dai a naɗe shi shi kaɗai, kada ya haɗu da farin kaya.

Turaren wuta kada ka saya da shinshinar kwalba. Ɗebi kaɗan ka je wajen mai shayi ko mai tsire a ɗora a garwashi. Mai kyau ƙamshinsa yana tsayawa bayan hayaƙin ya wuce, wanda aka cika wa sukari kuwa ƙauri yake bari. Lalle ka sayi garin ganye zalla. Baƙin haɗin da ake sa wa rinin gashi yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje.

Abin da za a bar wa rana

Atamfa, shadda da yadi, domin launin da ka gani da dare ba shi za ka gani da safe ba. Man shanu, domin matan Fulani masu kawo mai kyau sun koma ruga tun kafin magariba. Azurfa da duk abin da aka ce na da ne. Maganin da ake tallarsa da lasifika. Sai kaza da zabo masu rai: da dare lafiyayya da mai mura duk a lafe suke, ba ka bambance su, kuma kaza ɗaya mara lafiya ta isa ta kwashe kajin gidan da ka kai ta.

Ɗaurin kaya

Rabin tsarabar da ke lalacewa a mota take lalacewa. Raba kayan gida uku tun a masauki. Masu wari, wato kifi, daddawa da turare, kowanne a ledarsa biyu, kuma nesa da juna da nesa da tufafi. Kilishin da ya kwana jaka ɗaya da turaren wuta ba ya ciwuwa. Kifi ya fi son kwali a kan leda in tafiyar ta wuce yini, don ya sha iska kuma kada ya farfashe. Masu zuba, zuma da man gyaɗa, a ɗora 'yar leda a bakin kwalbar kafin a murɗa murfi, a sake sa ta a wata ledar, a tsayar da ita a kusurwar jaka. Masu fashewa a cusa musu tsumma ko ciyawa ciki da waje. Ƙwai a jera shi a roba mai murfi, ƙaiƙayi ko dusa a tsakanin kowane layi, tsinin yana kallon ƙasa. Shi da tulu a cinya ake riƙe su. Duk abin da ka miƙa aka sa a but, ka ɗauka za a ɗora masa buhu. Tsaya ka ga inda yaran mota suka ajiye jakarka, kuma kada ka yarda a sa abin ci kusa da jarkar fetur.

Ka koma masauki kafin kasuwa ta tsinke. Kada tsaraba ta sa ka kama hanyar dare a kan babur a wurin da ba ka sani ba.

In tsarabar za ta tsallaka ƙasar waje ta filin jirgin Malam Aminu Kano, lissafin ya canza. Ingila, Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga Najeriya, kuma kilishi da dambu suna ciki. Za a ƙwace, wani wurin har da tara. Saudiyya ta hana shiga da goro. Zuma da humra da suka wuce mililita 100 ba sa shiga jakar hannu, haka wuƙa mai kube komai ƙanƙantarta, sai a babbar jaka.

Da isarka gida, kafin a fara rabo, kwance komai. Baza kilishi da kifi a faranti su sha iska, in sun yi sanyi-sanyi a nuna musu rana ko a ɗan gasa su sama-sama. Sassauta murfin zuma. Shimfiɗa tabarma a inuwa ta miƙe, domin rana mai zafi tana sa kaba ta yi ƙarau ta fara karyewa. Sabon tulu a cika shi da ruwa ya kwana, a zubar, a sake cikawa, sai warin ƙasar ya ragu sannan a fara sha.